Tsakanin Manya da Matasa: A Fara Tambayar Abin da Kowa Ya Tarar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida domin mu tofa albarkacin bakinmu kan wata magana da ba ta ƙarewa a gidaje da wuraren aiki. Manya na kukan cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, ba sa jin magana, kullum idonsu na kan waya. Matasa kuma na cewa manya sun ƙi yarda duniya ta sauya, suna auna yau da ma'aunin jiya. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa aikinmu nazarin zamantakewa ne, kuma abin da muke so mu faɗa shi ne: yawancin wannan saɓani yana da asali da za a iya ganowa, kuma asalin yana cikin halin da duniya take ciki lokacin da kowanne ɓangare yake tasowa. Idan aka gano shi, rabin faɗan ya mutu.

Tun a 1928 masanin zamantakewa Karl Mannheim ya yi bayanin cewa haihuwa a shekara ɗaya kaɗai ba ta mayar da mutane tsara guda. Abin da ke haɗa su shi ne babban al'amarin da ya same su tare suna kan ganiyar ƙuruciya. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsakanin shekara 18 zuwa 25 ne ra'ayin mutum kan kuɗi da hukuma da aiki ya fi saurin kafuwa, daga nan sai ya yi wuyar motsawa. Glen Elder ya bi rayuwar yaran da aka haifa a 1920 da 1921 a birnin Oakland na Amurka, waɗanda karayar tattalin arziki ta 1929 ta riska suna ƙanana, ya ga yadda talaucin ya bi su har girma, a yadda suke kallon aiki da iyali. A 2011 Ulrike Malmendier da Stefan Nagel sun nuna cewa mutanen da suka rayu a lokacin da kasuwar hannun jari ba ta kawo riba sun fi gudun zuba kuɗinsu a cikinta, ko da shekaru sun shuɗe. Jamus ma ta ba da darasi. Bayan haɗewar gabas da yamma a 1990, wani bincike na 2007 ya gano cewa waɗanda suka tashi a gabas ƙarƙashin mulkin gurguzu sun fi son gwamnati ta ɗauki nauyin jama'a, kuma masu binciken sun ƙiyasta cewa sai an yi tsara ɗaya ko biyu kafin ra'ayin ɓangarorin ya daidaita. Harshensu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, abin da suka tarar ne ya bambanta.

Saboda haka dattijon da ke hana ɗansa barin aikin albashi ya kama sana'ar kansa, sau da yawa tsoron wata shekara yake ji wadda ɗan bai gani ba. Shi kuma ɗan ya ga manyan ma'aikatu suna sallamar mutane bayan shekara ashirin na hidima, don haka a wurinsa dogaro da albashi ɗaya shi ne kasadar. Dukansu tsaro suke nema, kowa daga abin da ya taɓa cizonsa.

Sauye-sauyen da suka raba tsararrakin da ke raye yanzu sanannu ne. A 1950 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane, amma zuwa wajen 2007 sun haura rabi. A ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, sunan gidanku shi ne jarinka, kuma ƙasa da sana'a da sanin yadda ake yi duk suna hannun babba, saboda haka biyayya gare shi ita ce hanyar rayuwa. A birni baƙo ne ke ɗaukarka aiki, takardarka yake dubawa, bai san kakanka ba. Wanda ya tashi a yanayin farko idan ya ce "me mutane za su ce?" magana ce ta ci da sha yake yi. Wanda ya tashi a na biyu sai ya ji kamar ana tauye shi saboda mutanen da ba su ba shi komai.

Makaranta ta ƙara nata. A 1970 Margaret Mead ta rarrabe al'ummomi gida uku: wadda yara ke koyo daga manya, wadda kowa ke koyo daga sa'o'insa, da wadda manya ke koyo daga yara saboda saurin sauyi. Ta ce duniya ta shiga ta ukun. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma maganar tana nan daram a kan sanin halin mutane, da aure, da haƙurin rashi. Amma a kan yadda ake neman aiki ta intanet ko gane saƙon 'yan damfara, yaron ne ke hangowa. Wahalar ita ce gida ɗaya yanzu yana ɗauke da iri biyu na sani, kowanne a hannun wani, kuma ba a saba da hakan ba.

Akwai sauyin da ba a cika ambata ba, alhali yana da nauyi ƙwarai. A shekarun 1950 mace ɗaya a duniya tana haihuwar 'ya'ya kusan 5 a matsakaici, yanzu adadin ya sauko zuwa wajen 2.3. Tsawon rai kuma ya tashi daga wajen shekara 46 zuwa sama da 70. Ma'anar wannan a cikin gida ita ce iyaye na daɗewa, 'ya'yan da za su raba nauyin kula da su sun ragu, kuma mutum na iya kai shekara 45 da nasa iyalin amma har yanzu akwai wanda ke yanke masa hukunci a sama. A ƙasar Sin, inda aka yi dokar haihuwar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, an samu gidajen da matashi ɗaya ke kallon iyaye biyu da kakanni huɗu. Dattijon da ke cewa "mu mun riƙe iyayenmu ba mu yi ƙorafi ba" gaskiya ya faɗa, sai dai su shida ko bakwai suka raba nauyin, kuma shekarun jinyar ba su kai na yanzu ba.

Sai hanyar samun labari. Rediyon tiransisto ya shiga kasuwa a 1954, talabijin ma ya shiga gidaje, kuma dukansu a fili ake kunna su, kowa na jin abin da kowa ke ji. Shafukan intanet sun buɗe ga jama'a a 1991, Facebook ya zo a 2004, iPhone a 2007, WhatsApp a 2009. Daga nan labari ya daina shiga gida ta ƙofa ɗaya. Wanda ya tashi da rediyo da jarida ya koyi cewa abin da aka buga ko aka watsa ya bi ta hannun edita, don haka yana da saurin gaskata rubutu. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan masu amfani da Facebook a Amurka lokacin zaɓen 2016 ya gano cewa waɗanda suka haura shekara 65 sun yaɗa labaran ƙarya kusan ninki bakwai na 'yan shekara 18 zuwa 29. Wannan ba ƙarancin hankali ba ne, tarbiyyar wani zamani ce da ta faɗo cikin wani. Matashi kuwa ya koyi shakkar duk abin da ya gani sai ya bincika, kuma wannan ɗabi'ar ba ta tsayawa a waya. Idan mahaifinsa ya faɗi magana ya ce "bari in duba", shi a ganinsa hankali ya yi, uban kuma ya ji an ƙaryata shi a gaban jama'a.

To amma a nan ne muke so mu ja hankali sosai, domin ba kowane bambanci ne na tsara ba. Masu bincike na raba musabbabi uku, kuma kowa zai iya amfani da su a gida. Na farko tasirin shekaru: abin da kowane matashi ke yi a kowane zamani, ya bari idan ya girma. Na biyu tasirin lokaci: abin da ya sami kowa da kowa a yanzu, babba da yaro. Na uku ne kaɗai tasirin tsara, wato abin da ya kama mutum yana tasowa ya zauna masa. Hanyar tantancewa tambayoyi ne uku. Shin ni ma na yi haka a shekarunsa? Idan e, shekaru ne, lokaci zai gyara. Shin mu manya ma yanzu muna yi? Idan e, zamani ne ya taɓa mu duka, kuma dokar da za a kafa dole ta hau kan kowa. Idan amsar duka biyun a'a ce, to sai a tambayi me ya faru a lokacin tasowarsa.

A gwada da zargin cewa matasan yanzu ba sa zama a aiki ɗaya. Cibiyar bincike ta Pew ta duba alƙaluman Amurka a 2017, ta ga matasan lokacin ba su fi tsarar da ta gabace su yawan sauya aiki ba a daidai waɗannan shekarun. Matashi ko yaushe ya fi dattijo sauya aiki, domin yana neman inda zai tsaya. A gwada kuma da kallon waya lokacin hira. Duk wanda ya kalli ɗakin jira na asibiti ya san masu furfura ma kansu a sunkuye yake. Wannan na lokaci ne, kuma uban da ya hana ɗansa alhali tasa wayar na hannunsa ya rasa hujja tun kafin ya buɗe baki.

Akwai kuma yaudarar tunani. John Protzko da Jonathan Schooler sun nuna a 2019 cewa mutum ya fi ganin gazawar yaran yanzu a fannin da shi kansa ya yi fice: mai yawan karatu na ganin ba sa karatu, mai tsananin girmama na gaba na ganin ba su da ladabi. Dalili shi ne yana ɗaukar yadda yake a yau ya shafa wa ƙuruciyarsa da ta dukan sa'o'insa, ya manta da waɗanda ba haka suke ba. Game da sunayen tsararraki da ake yayi kamar Gen Z, waɗanda ke raba mutane bisa shekarun haihuwarsu, muna ba da shawarar a yi hattara. A Amurka aka yanka waɗannan iyakoki, bisa tarihin Amurka, kamar yawan haihuwar da aka yi can daga 1946 zuwa 1964. Wanda aka haifa a 1950 a Koriya, ana tsakiyar yaƙi, ba abin da ya haɗa ƙuruciyarsa da ta sa'ansa na Amurka. A 2020 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar tafiyar da ma'aikata bisa waɗannan sunaye, kuma a 2023 Pew da kanta ta ce za ta rage amfani da su. Sa'o'i biyu, ɗaya ɗan mai hali a birni ɗaya ɗan talaka a karkara, na iya fin uba da ɗa nisa da juna.

Yanzu ga abin da za a iya yi a aikace. Zama ne na mutum biyu, in an yi yawa kada a wuce shida, na minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako har mako huɗu zuwa shida. Kada a yi shi ranar da aka yi faɗa, kuma kada a kira shi zaman sulhu, domin kowa zai zo da hujjojinsa a shirye. A samu takarda babba a ja layi, a rubuta shekaru daga haihuwar babba zuwa bana. Kowa ya sa alama a kan abubuwa biyar da suka faru yana tsakanin shekara 15 da 25: aikin farko, rashin wani, ƙaura, tsadar rayuwa, shigowar wata na'ura. A kan kowanne a yi tambaya uku: me ya faru, me ka fi jin tsoro a lokacin, wace doka ka kafa wa kanka daga ranar? Tambaya ta ukun ita ce zuciyar aikin. A nan ne za a ji dattijo ya ce "daga nan na rantse ba zan ƙara cin bashi ba", sai ɗan ya gane dalilin da ya sa maganar rancen jari ke tayar masa da hankali. Kowa na da minti goma ba a katse shi, kuma mai sauraro zai maimaita abin da ya ji da bakinsa kafin ya ce komai nasa. Idan mai magana ya ce ba haka yake nufi ba, a sake.

A zama na biyu ko na uku sai a ɗauko saɓani ɗaya tak, a raba manufa da alamarta. Uwa na cewa ɗanta ya yar da ita saboda ba ya kira. Shi kuma yana turo saƙo kullum, yana ganin ya fi kowa kula. Manufarsu ɗaya ce, alamar ce ta bambanta: ita ta tashi a lokacin da jin murya ke nufin an damu da kai, shi ya tashi a lokacin da kira ba sanarwa ke nufin wani abu ya faru. Maganin shi ne yarjejeniya ƙarama mai lamba, misali kira biyu a mako a ranaku sanannu, ko ajiye waya na minti 30 idan an zauna tare, kowa da kowa har da mai gida. "Ka riƙa kula da ni" ba a iya aunawa, don haka ba a iya cikawa. Bayan mako biyu a duba ko ta yi aiki, in ba ta yi ba a rage ta, kada a ƙara.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Mafi yawa shi ne babba ya mayar da minti gomansa wa'azi, ya fara da labarin kansa ya ƙare da "ku kuwa yanzu". Dokar ita ce a lokacinka kanka kawai za ka ambata. Matashi kuma kan zo da niyyar cin nasara, yana gyara wa babba shekarar da abu ya faru ko yana duba waya don tabbatarwa. Kuskuren shekara ba ya ɓata darasin, a bar shi ya wuce. Wani lokaci tambaya kan taɓo yaƙi ko yunwa ko mutuwar ɗa, sai a ga dattijo ya yi shiru, ya kau da kai yana gyara zaman hularsa ko yana shafa gwiwa. A nan a tsaya, kada a matsa, sau da yawa shi zai dawo da maganar bayan mako ɗaya ko biyu. Kada a naɗi murya sai da izini, kuma abin da aka faɗa a zaman kada ya fito a faɗan gobe. Sau ɗaya aka yi haka an rufe ƙofar.

Tun 1954 Gordon Allport ya lissafa sharuɗɗan da ke sa cuɗanya ta rage ƙyama tsakanin ɓangarori: daidaiton matsayi a lokacin haɗuwar, buri ɗaya, aiki tare, da goyon bayan masu iko. Na farkon ne mai wuya tsakanin babba da yaro, kuma ba muna cewa a rushe girma ba. Hanyar ita ce musayar koyarwa, kowa ya zama malami na rabin lokaci. A 1999 shugaban kamfanin General Electric, Jack Welch, ya haɗa ɗaruruwan manyan manajoji da ƙananan ma'aikata su koya musu intanet. A garin Deventer na ƙasar Holan akwai gidan kula da tsofaffi da ke ba ɗalibai ɗaki kyauta a madadin awa 30 a wata na zama da mazauna gidan. A gida ma haka ne, amma koyar da waya na da ƙa'ida. Wayar ta zauna a hannun mai koyo, domin da zarar yaro ya karɓe ta ya ce "kawo in yi maka" darasi ya ƙare. Abu ɗaya a zama ɗaya, a rubuta matakan da manyan baƙaƙe a takarda, a maimaita sau uku, na ukun ba taimako. Kada a ɗaga murya ko a yi magana kamar da jariri, wannan na sa dattijo ya janye ko da yana so ya koya. A madadin haka shi ma ya koyar da abin da ya iya, kuma yaro ya zauna ya koya da gaske.

Iyalan da suka yi ƙaura zuwa wata ƙasa suna da ƙarin matsala. Masana harshe, musamman Joshua Fishman, sun lura cewa harshen gida kan ɓace a tsara ta uku: kakanni na jin nasu, iyaye na jin biyu, jikoki na jin na sabuwar ƙasa kawai. Idan ya kai ga haka, kaka da jika ba su da abin da za su yi faɗa ko sulhu da shi. A ware lokaci sananne kullum, ko minti 20 ne, da ba a magana sai da harshen gida, tun yaro bai shiga makaranta ba. Kuma a guji mayar da ƙaramin yaro tafinta a asibiti ko ofis, domin yana jin abin da bai kamata ya ji ba, kuma matsayin uba da ɗa na juyewa. Amfanin labarin iyali kuwa an auna shi: Marshall Duke da Robyn Fivush na jami'ar Emory sun yi amfani da tambayoyi 20 kan tarihin gida, suka ga yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi yarda da kansu, sun fi jure wahala.

Dole mu faɗi iyakar wannan hanya. Wani saɓanin na dukiya ne: wa zai riƙe tsoho, wa zai biya magani, yaushe za a miƙa ragamar kasuwanci. Hira ba ta raba wannan, sai an zauna an rubuta, da sunan kowa da abin da ya ɗauka da ranar da za a sake dubawa, tun mai gida na da lafiyarsa. Kuma sanin asalin hali ba ya halatta cuta. Duka mai raunata yaro ko wulaƙanta tsoho ba su da uzurin zamani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya na da ra'ayin raina tsofaffi, kuma rahoton ya ambaci raina matasa ma, musamman a wurin aiki.

Roƙonmu ga wannan jarida shi ne ta buɗe fili sau ɗaya a wata, a samu mutum biyu masu sana'a ɗaya da ke da tazarar shekara 30 ko fiye, a yi musu tambayoyi iri ɗaya kan shekarunsu na 15 zuwa 25, a buga amsoshin gefe da gefe ba tare da sharhi ba. A riƙa sauya sana'a da jinsi, a haɗa na birni da na karkara, kuma a ba kowannensu dama ya karanta amsar ɗan'uwansa ya ƙara layi biyar kafin a buga.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin zamantakewa